Ganɗoki Ya Fi Cancantar Ajin Babbar Sakandare

Duk lokacin da aka zauna zaɓen littafin zube da za a karantar a babbar sakandare, aka kuma ce a ɗauko ɗaya daga cikin ƙagaggun labaran farko masu jigon jarunta da yawon duniya, da wuya a daɗe ana musu. Hannu kan tafi kai tsaye ga Ruwan Bagaja. Malamai sun san shi tun suna ɗalibai, sharhi a kansa ga shi nan birjik, yara kuma kan ƙyalƙyale da dariya idan Alhaji Imam da Malam Zurƙe suka shiga yi wa juna ƙeta. A ganina wannan sabo ya kawar da idonmu daga littafin da ya fi dacewa da ɗan shekara 16 ko 17, wato Ganɗoki na Malam Bello Kagara.

Masu karanta wannan mujalla sun san littattafan biyu tsatsonsu ɗaya. Dukansu sun fito ne daga gasar da Rupert East ya shirya a 1933, tare da Shaihu Umar da Idon Matambayi da Jiki Magayi, marubutansu kuma wa ne da ƙane. Saboda haka maganar a nan ba ta tsufa ko daraja ba ce. Maganar ita ce, wanne ne daga cikinsu zai ba ɗalibin da ke gab da shiga jami'a abin da zai yi tunani a kai?

Babu mai ja da ƙwarewar Abubakar Imam wajen sarrafa harshe. Amma zubin Ruwan Bagaja tamkar carbi ne: Alhaji Imam ya shiga gari, ya yi dabara, ya tsira, ya wuce gari na gaba. Ana iya zare labari ɗaya ko biyu daga tsakiya ba tare da ginin ya girgiza ba. Tauraron da ya bar gida shi ne ya komo, ba abin da ya sauya a halinsa illa ya samo ruwan da ya fita nema. Wannan ya sa tambayoyin da ake yi wa ɗalibi a kansa kan ƙare a hadda: a ina suka haɗu da Zurƙe, wace dabara ya yi wa wane. Littafi ne da ya dace ƙwarai da ƙaramar sakandare, inda babban buri shi ne yaro ya ji daɗin karatun Hausa har ya nemi ƙari. A aji biyar da aji shida kuwa, ana bukatar littafin da ɗalibi zai iya yin gardama da shi.

Ganɗoki ya soma ne da ƙafarsa a kan tarihi. Tauraron jarumi ne a rundunar Sarkin Sudan Ibrahim Nagwamatse, kuma da bakinsa yake ba da labarin yadda suka kara da Turawa. Kwantagora ta faɗi a farkon 1901, Bida ta biyo baya a shekarar, Kano da Sakkwato suka faɗi a 1903, sannan aka yi yaƙin Burmi inda Sarkin Musulmi Attahiru ya rasu a watan Yuli na wannan shekara. Bello Kagara, wanda aka haifa a 1890 a wannan yanki, yana da kimanin shekara 11 lokacin da Kwantagora ta faɗi. Ke nan ya rubuta labarin abin da ya faru a ƙasarsa yana yaro, shekara talatin da 'yan kai bayan aukuwarsa, alhali da yawa daga cikin waɗanda suka yi yaƙin suna raye. A cikin littattafai biyar na gasar, shi kaɗai ne ya dubi zuwan Turawa ido da ido.

Daga nan sai labarin ya bar tarihi. Ganɗoki da ɗansa Garba Gagare suka nufi gabas, suka faɗa duniyar aljanu da dodanni, inda takobi ke aikin da ya kasa yi a gaban bindigar Bature. Wasu manazarta sun ɗauki wannan juyi a matsayin rauni a zubi da tsari, kamar an ɗinke littafi biyu da zare ɗaya. Ko da an karɓi wannan hukunci, a aji babu wurin da ya fi wannan ɗinki amfani. Malami na iya tsayawa daidai nan ya tambaya: me ya sa marubuci ya kai jaruminsa ƙasar aljanu bayan an ci su da yaƙi a gida? Me nasara a kan dodo ke yi wa zuciyar mutumin da ya ga garinsa a hannun baƙi? Ɗalibi ɗan shekara 17 zai iya amsa wannan, kuma amsar ɗaya ba za ta zama ta ɗaya ba. Wannan shi ne nazarin adabi, tun kafin a koya masa sunan wani ra'i.

Sai kuma ƙarshen littafin, wanda shi ne ya fi damun mai karatu na yau. Ganɗoki ya komo gida ya tarar da mulkin waɗanda ya yaƙa ya kafu, ya kuma yaba da zaman lafiya da sababbin abubuwan da suka zo da su. Akwai malaman da za su ce bai kamata a ɗora wa yara littafin da ya ƙare da yabon mulkin mallaka ba. Ina ganin akasin haka. A gaya wa ɗalibai wanda ya shirya gasar, da ofishin da ya buga littafin a Zariya, da cewa marubucin malami ne a makarantar gwamnati a Katsina. Sannan a bar su su auna: yabon nan daga zuciya ya fito, ko kuwa kuɗin shiga ne da aka biya don kashin farko ya samu fitowa? Wane kashi ne ya fi rai a harshensa, na yaƙin ko na yabon? Yaron da ya koyi tambayar wa ya buga, don wa aka rubuta, ya samu makamin da zai yi masa amfani a kan duk abin da zai karanta a waya gobe.

Akwai wata suka da ta fi wannan nauyi, kuma bai kamata a yi mata kwaskwarima ba. Jaruntar Ganɗoki jarunta ce ta mahara. Rundunar da yake alfahari da ita ta shahara da kai hari da kamun bayi a ƙasashen Gwari da Kambari da maƙwabtansu, littafin kuma yana ambaton waɗanda ba Musulmi ba da harshen da ba za mu yarda ɗalibi ya yi amfani da shi a kan abokin zamansa ba. A makarantun Neja da Kabi da Kaduna, jikokin waɗanda aka kai wa harin suna zaune a benci ɗaya da jikokin maharan, da yawansu kuma Hausa ce darasin harshen da suka zaɓa. Malamin da ya karanta kirarin Ganɗoki da murya mai armashi, ya rufe littafi ya fita, ya yi ɓarna.

Maganin wannan yana cikin gasar 1933 ɗin kanta. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa ya ɗauki zamani kusan guda, ya dube shi ta idon wanda abin ya faɗa wa: yaron da aka sace, da uwar da ta bi sawunsa har ta ƙetare Sahara ta faɗa bauta ita ma. A farkonsa akwai harin da sarki ya tura ƙasar Gwari, wanda Makau ya je ya komo da bayi, aka kuma ƙulla masa sharri a fada a kan rabonsu. Garin da Umar ya ce shi ne asalinsa ma sunansa Kagara. Idan aka ware mako biyu a cikin zangon karatu aka karanta waɗannan babobi kusa da babobin yaƙi na Ganɗoki, ɗalibi zai ga hari ɗaya daga kan doki, ya kuma gan shi daga ƙasa. Wannan haɗi zai rage wani giɓin kuma, domin mata ba su da wata murya a Ganɗoki, mahaifiyar Umar kuwa tana daga cikin taurarin da suka fi tsayawa a rai a duk zuben wancan zamani.

Ta fuskar harshe ma littafin bai gaza ba. Cike yake da kirari da sunayen kayan yaƙi irin su sulke da lifidi da kwalkwali da garkuwa, kalmomin da ɗan birni na yau sai dai ya gan su a hawan salla bai san sunansu ba. Malamin da ke neman gada tsakanin adabin baka da rubutaccen adabi, kamar yadda manhaja ta raba su, zai same ta a nan ba tare da ya fita daga littafi ɗaya ba. Ga shi kuma ɗan ƙarami, ana iya gama shi a aji cikin zango guda, a karanta shi da baki shafi bayan shafi, maimakon a dogara da taƙaitawar da ake sayarwa a bakin makaranta.

Abin da ya rage aikinmu ne, mu da ke sassan Hausa na jami'o'i da kwalejojin ilimi. Ba daidai ba ne a miƙa wa malamin sakandare wannan littafi tsirara. Yana bukatar bugu na makaranta mai daidaitacciyar ƙa'idar rubutu, da taswirar da za ta nuna Kwantagora da Bida da Burmi, da gajeren bayani kan shekarun 1901 zuwa 1903, da jagorar yadda za a tattauna batun hari da bauta a ajin da ya haɗa ƙabilu da addinai. Kundayen digiri da aka rubuta a kan Ganɗoki suna jibge a ɗakunan karatu na Zariya da Kano da Sakkwato. Daga cikinsu za a iya tsamo shafi ashirin da malamin aji biyar zai riƙe a hannu, kafin a kai wa masu tsara manhaja da hukumomin jarrabawa shawarar sanya littafin.