Mu Wanke Hotunanmu Mu Adana Su

A ganina, ya kamata kowane gida a zangonmu ya riƙa wanke hotuna a takarda, ko da goma ne a shekara.

Yau hotunan walimar sauka da na suna duk a cikin waya suke kwana. Ranar da wayar ta ɓata ko ta faɗa ruwa, shi ke nan, sun tafi. Amma hotunan baƙi da fari da James Barnor ya ɗauka a shagonsa na Ever Young da ke Jamestown, nan Ankara, tun shekarun 1950, har yau ana kallonsu. Irin wannan hoto da sinadarin azurfa ake fitar da shi, shi ya sa ba ya saurin koɗewa kamar mai kala.

Ɗalibai, ku zauna da kakanninku tun suna raye, su faɗa muku su wane ne a cikin tsofaffin hotunan gida. Ku rubuta suna da shekara a bayan hoton da fensir, ban da biro, domin tawada tana ratsa takarda. A ajiye su nesa da danshi da rana. Hoton da ba a san mai shi ba, jikoki zubar da shi za su yi.

Allah ya sa mu dace.