Agogon matuƙin jirgi a hannun mai makara

Duk wanda ya saba halartar tarukan da ake yi a Yamai, a wajejen Gaweye, tsakanin gadar Kennedy da babban zauren taro na bakin kogin Isa, ya san wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare. Takardar gayyata takan ce ƙarfe tara. Malamai da ƴan ƙungiyoyi da makaɗa sukan hallara tun takwas da rabi, a jera ƴan makaranta cikin rana. Sai wajen sha ɗaya babban baƙo zai iso, ya zauna, ya ɗage hannun riga, sai ga wani ƙaton agogo mai baƙar fuska da fararen lambobi, irin wanda ake kira agogon matuƙa jirgin sama. Abin da aka ƙera domin kada a yi kuskuren sakan huɗu, shi ne ɗaure a hannun mutumin da ya ɓata wa jama'a awa biyu. Wannan agogo kayan aiki ne, kuma ingancinsa da daɗin ɗaurinsa da amfaninsa duka daga aikin nan suka fito. Wanda ya sayi fuskarsa ya bar tarbiyyarsa, ado yake yi da kayan aro.

Tarihin agogon ya isa shaida. A shekarar 1904, a birnin Paris, Louis Cartier ya ƙera wa abokinsa Alberto Santos-Dumont, mutumin Brazil, agogon ɗaurawa a hannu, domin mai tuƙi a sararin sama ba ya da hannun da zai sa aljihu ya zaro agogo. Bayan Charles Lindbergh ya ƙetare tekun Atlantika shi kaɗai a 1927, cikin awa 33 da rabi, ya haɗa kai da kamfanin Longines suka fitar da agogon lissafin hanya a 1931. Dalilin wannan wahala a fili yake. Duniya tana juyawa digiri 15 cikin kowace awa, saboda haka mai neman matsayinsa ta hanyar auna rana ko taurari, in agogonsa ya yi kuskuren sakan 4, lissafinsa zai kauce da kusan kilomita 2 a tsakiyar duniya. In kuskuren ya kai minti guda, kaucewar ta kusa kilomita 28. A kan teku ko a kan Tenere, wannan tazara ce tsakanin isa gida da ɓata har abada.

Kowace siffa ta agogon nan amsa ce ga wata buƙata. An yi fuskar baƙa da lambobi farare manya domin ido ya karanta da kallo ɗaya. An shafa wa hannuwansa fenti mai haske domin tafiyar dare. An ƙara girman kan da ake murzawa domin mai safar hannu ya iya kama shi. Agogon da kamfanoni biyar, ciki har da Laco da Stowa da IWC, suka yi wa sojan saman Jamus tun daga 1940, faɗinsa milimita 55 ne, saboda a kan hannun rigar sanyi ake ɗaura shi, ba a kan fata ba. Wanda IWC ya yi wa sojan saman Ingila a 1948, mai suna Mark 11, faɗinsa milimita 36 ne kawai, an kuma kewaye injinsa da ƙarfe mai taushi domin maganaɗisun na'urorin jirgi kada ya rikita shi. Ya yi kimanin shekara 30 yana aiki. A tsakiyar shekarun 1950 kamfanin Rolex ya ƙara hannu na huɗu a agogon da ya yi wa matuƙan Pan Am, domin su ga lokacin gari biyu a tare. Babu ko ɗigo ɗaya a cikin waɗannan da aka sa domin burge mai kallo.

To, me ake gani a tiren masu talla a bakin otel, da rumfunan Babbar Kasuwa, da hannuwan manya da ƙanana? Agogo mai ƙananan da'irori uku a fuska waɗanda hannuwansu manne suke da gam, ba su taɓa motsi ba. Maɓallai biyu a gefe waɗanda in an danna babu abin da ke faruwa. Zoben lambobi a kewaye, kwaikwayon na Breitling Navitimer da matuƙa ke lissafin mai da gudu da shi, amma a nan zane ne kurum. Sunan kamfanin Suwizalan a sama, injin da bai kai kuɗin kwanon shinkafa ba a ciki. Kallon kitse ake yi wa rogo. Laifin ba na araha ba ne, domin Casio F-91W, wanda ya fito a 1989, yana cikin mafi arahar agogo a duniya, kuma ba ya yi wa mai shi ƙarya. Laifin na yaudara ne: abin da ya yi alkawarin aiki biyar, yana yin ɗaya da ƙyar.

Inganci kuwa a Yamai ake auna shi, ba a hoton talla ba. A watan Afrilu zafi yakan wuce digiri 40, a lokacin hunturu ƙura takan shiga ko'ina, mai salla kuma yana kai ruwa har gwiwar hannu sau da yawa a yini. Agogon kirki a nan shi ne wanda zobban robarsa suka toshe ƙura da gumi. Rubutun «mita 30» da ke bayan agogo yana nufin fantsamar ruwa kawai. Wanda aka rubuta wa mita 100 shi ne mai jure jiƙa. Agogon wani mafi nagarta, wanda ya ci jarrabawar Suwizalan, an yarda masa ya yi jinkirin sakan 4 ko ya yi gaba da sakan 6 a yini, alhali agogon batir, tun da Seiko ya fara fitar da shi a 1969, ba ya wuce kuskuren ƴan sakan a mako. Sai kuma tambayar da mai saye ba ya yi: in ya tsaya, akwai mai gyaran da zai buɗe shi ya sami kayansa a gari? Agogon da sai an kai shi Turai kafin ya sake bugawa, a nan munduwa ce mai tsada.

Haka zancen daɗin ɗauri. Ƙaton agogo mai nauyi a siririn hannu, yana zamewa, kan murzawarsa yana cizon bayan hannu, yana kama bakin hannun riga, azaba ce da mai ita ya saya da kuɗinsa, don ya kwaikwayi wanda ke ɗaura nasa a kan rigar sanyi. Maɗaurin fatar roba yakan tsattsage cikin wata biyu, ya bar wari da ƙaiƙayi. Na zaren nailan yana wankuwa ya bushe, na ƙarfe yana jure ruwa. Mai son fata kuma ba ya buƙatar jiran ta ƙetare: ƴan taku kaɗan daga Gaweye, a Gidan Tarihi na Boubou Hama da aka kafa a 1959, akwai dukawa da ke aiki a gaban jama'a, ga kuma fatar jar akuyar Maradi, wadda aka daɗe da sanin laushinta da ƙarkonta har a kasuwannin Turai. Maɗaurin da baduku ya yanka daidai hannun mai shi ya fi na kwali daɗi, kuɗin kuma ya zauna a gida.

Wasu za su ce zamanin agogo ya wuce, tun da wayar salula tana nuna lokaci, jirgi ma yanzu tauraron ɗan adam ke nuna masa hanya. Mai wannan magana bai tsaya a gaban aji ba. Malamin da ya zaro waya don duba lokaci ya ba ɗalibai sittin izinin zaro nasu. A ɗakin jarrabawa ba a yarda da waya, a ƙauyen da babu lantarki kuma takan mutu kafin la'asar. Fuska baƙa mai manyan lambobi, wadda ake karantawa da satar kallo ba tare da yanke magana ba, ta dace da malami da mai ba da magani da direba kamar yadda ta dace da matuƙi. Wasu kuma za su ce ado ba laifi ba ne. Gaskiya ne, Bahaushe ya san ado. Amma aska takwas da ke ƙirjin babbar riga aikin allura ne na makonni, kowane zare yana inda aka ce yana. Ba a zana ta da alli a ce ɗinki ce.

Hujja mafi muni ita ce ta masu cewa kiyaye lokaci al'adar Bature ce, makara kuwa «lokacin Afirka». Harshen da ya raba yini zuwa asuba, da hantsi, da walaha, da azahar, da la'asar, da almuru, da magariba, da lisha, ba harshen mutanen da suka raina lokaci ba ne. Ladan ba ya jiran mai kuɗi kafin ya kira salla. Manomi ya san cewa kwana uku bayan ruwan shuka ba daidai suke da ranar farko ba. Madugun ayarin gishiri na Bilma da taurari yake tafiya, kuma ya san abin da makarar yini guda ke jawowa tsakanin rijiya da rijiya. A wannan birni na Yamai ma, tun 1963, makarantar EAMAC ta hukumar ASECNA take horar da ƴan Afirka masu kula da zirga-zirgar jiragen sama da masu nazarin yanayi, waɗanda ke aiki da lokacin duniya, awa guda bayan na Nijar, minti bisa minti. Su ma ƴaƴan wannan nahiya ne. Makarar manya ba gado ba ce daga kakanni, hanya ce ta nuna iko, ta gaya wa na ƙasa cewa yininsa ba shi da daraja. Shi ya sa wanda ya shanya malamai awa biyu ba ya taɓa makara a filin jirgin Diori Hamani, domin ya san jirgi ba ya jiran kowa.

Abin da ake asara ya wuce awa biyu. Yaron da aka fitar daga aji aka tsayar a rana ya rasa darasin lissafi, ya kuma koyi wani darasi a madadinsa: cewa alamar girma ita ce a jira ka. Ran da ya girma ya sami kujera, shi ma zai sayi ƙaton agogo ya shanya wasu.

Gyaran yana hannun malamai da ƙungiyoyin al'adu, domin su ne ke shirya yawancin waɗannan taruka. A buɗe taro a lokacin da aka rubuta, ko kujerar gaba ba kowa. Kada a fitar da ɗalibai daga aji sai an tabbatar baƙo ya kamo hanya. Mai gabatarwa ya daina yi wa makararre kirari, ya gode wa waɗanda suka zo da wuri. Mai neman agogo kuma ya zaɓi wanda ido ke karantawa, wanda ya zauna daidai a hannu, wanda duk abin da ke fuskarsa yana aiki, ko da na jika biyar ne. Hausawa sun ce alkawari kaya ne, ƙarfe taran da aka rubuta a takardar gayyata kuwa alkawari ne da aka ɗauka a gaban mutum ɗari.