Wasiƙa a Buɗe Zuwa Ga Masu Wankin Mota na Birnin Kebbi da Argungu Kan Kashin Tsuntsaye

 Zuwa ga iyayen gida da yaransu a wannan sana'a, tare da masu gadin wuraren ajiye motoci, wannan wasiƙa ta shafi wani abu da ake ɗauka ƙarami, alhali kuwa yana cikin manyan abubuwan da ke tsufar da fentin mota a wannan yanki, wato kashin tsuntsu. Tun da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi a 1991, Birnin Kebbi ya zama hedikwata, motoci suka yawaita a ma'aikatu da kasuwanni da ƙofofin gidaje, daga Gesse har Badariya, sai dai tsuntsayen fadamar Rima sun riga motoci zama a nan, kuma garin da ke bakin ruwa da gonakin shinkafa ba zai rabu da balbela da kurciya da hankaka ba. Saboda haka abin da ya fi dacewa da mai sana'a shi ne ya san halin tsuntsu da halin fenti, domin galibin ɓarnar da ake ɗora wa tsuntsu, rana da hannun mai wanki ne suke ƙarasa ta.

Tsuntsu ba ya fitsari dabam kamar dabbar gida, ta ƙofa ɗaya yake fitar da komai, shi ya sa ake ganin kashinsa da launi biyu. Baƙin da ke tsakiya ragowar abinci ne, farin da ke kewaye da shi kuwa wani sinadari ne da masana ke kira asid na yurik, wanda ba ya narkewa cikin ruwa da sauƙi, kuma idan ya bushe yakan kama ƙarfe kamar farar ƙasa. Fentin motar zamani hawa-hawa ne, kuma hawan ƙarshe wani rufi ne mai sheƙi marar launi, wanda kaurinsa bai kai na gashin kai ba, shi ne yake tsare launin da ke ƙarƙashinsa. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafin Birnin Kebbi kan haura digiri 40, saman mota yakan yi zafin da hannu ba zai iya daɗewa a kansa ba, sai wannan rufi ya yi laushi, kashin kuma ya bushe ya ƙanƙame, idan dare ya yi ƙarfe ya huce, sai rufin ya daskare da siffar kashin a jikinsa. Wannan ne dalilin da ya sa ake wanke mota tas amma a bar wani dusasshen zobe a kan bonet, wanda sabulu ba zai fitar da shi ba sai an kai wa mai fenti ya goge da inji.

A nan ne aikin mai wanki yake da nauyi. Sau da yawa akan ga yaro ya tarar da busasshen kashi, ya kankare shi da farce ko da gefen murfin gora, sannan ya bi da tsumman da ya gama goge taya da shi. Tsuntsayen da ke cin hatsi suna haɗiyar tsakuwa da yashi domin ƙundunsu ya niƙa abinci, wani abu daga ciki yana fitowa a kashi, ga kuma ƙurar hunturu da ta kwanta a kai, don haka goge shi a bushe daidai yake da dirza fenti da yashi. Hanyar da ta dace ita ce a jiƙa tsumma mai laushi sosai, a shimfiɗa shi a kan wurin, a bar shi na kamar minti biyar zuwa goma har kashin ya jiƙa, sannan a ɗauke shi sama a tattare ba tare da an ja shi gefe ba, a bi da ruwa mai yawa. Omo na wankin tufafi, wanda ya zama ruwan dare a wuraren wanki saboda araharsa, yana wanke man folish ɗin da ke kare fenti, ya bar mota tsirara a gaban rana da tsuntsu. Mai sana'ar da ya san mutuncin aikinsa zai ware tsumma da bokiti na jikin mota dabam da na taya, ya kuma shafa folish bayan 'yan watanni, domin kashin da ya sauka a kan folish ba ya kamawa da wuri.

Amma rigakafi na gaskiya yana wurin da aka tsayar da mota ne. Mai mota a wannan gari inuwa yake nema, inuwar kuwa galibi ta darbejiya ce, kuma 'ya'yanta idan sun nuna suna jawo tsuntsaye da rana, jemagu da dare, kashin jemage kuma, ko da yake jemage ba tsuntsu ba ne, yana da danƙo da launin 'ya'yan itacen da ya ci. Ba kowace bishiya ce matsala ba, kuma ƙasa ce take ba da labari: bishiyar da balbelu suka mai da wurin kwana, za a ga gindinta ya yi fari kamar an watsa alli, ganyenta na ƙasa sun yi dabbare-dabbare, alhali wata bishiyar da ba ta fi taku ashirin ba daga nan ƙarƙashinta fes. Balbela tana da riƙon wuri, takan dawo bishiya ɗaya da almuru a garke, shamuwa kuma takan iso gab da faɗuwar damina ta yi sheƙa a manyan itatuwan cikin gari. Mai gadin da ya lura da wannan zai iya nuna wa direba inda zai tsaya da rana da inda bai kamata mota ta kwana ba. Haka nan a guji ƙarƙashin wayoyin lantarki da bakin rufin da tattabaru ke zama, da kusa da inda ake shanya shinkafa ko zubar da sauran abinci. Wurin wankin da ke shanya motoci a gindin bishiya bayan an gama, ya kamata ya kafa rumfar kwano ko ta zana, a toshe tsakanin sandunan rufin da raga don kada rumfar kanta ta zama gidan tattabaru.

Game da korar tsuntsaye, manoman shinkafar Argungu da Zauro sun fi kowa sani. Shekara da shekaru suna fama da jan-baki, ƙaramin tsuntsun nan da ke saukowa gona dubbai a lokaci guda, suna korarsa da mutum-mutumi da igiyoyi masu gwangwanaye da leda mai ƙyalli, kuma sun san cewa tsuntsu yana sabawa da duk abin tsoron da ba ya motsi cikin 'yan kwanaki. Tsofaffin faya-fayan sidi da aka rataya a reshe za su yi aiki na ɗan lokaci idan ana sauya musu wuri. Idan kuwa aka ga kashi yana taruwa a ƙofar mota ƙarƙashin madubin gefe, to sau da yawa wani namijin tsuntsu ne yake ganin hotonsa yana zaton abokin gaba ne, kuma naɗe madubin ko sa masa tsohuwar safa ya wadatar. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne sa guba a hatsi, domin kaji da kuliyoyi da yaran unguwa suna bin wurin, haka ma sare bishiya a garin da yake ƙishirwar inuwa, ko rushe sheƙa mai 'ya'ya, alhali Abu Dawuda ya ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci sahabbai su mayar wa wata tsuntsuwa 'ya'yanta da aka ɗauke. Rage reshe ɗaya ko biyu da suka miƙo kan wurin tsayuwa, a lokacin da babu sheƙa a kansu, shi ne iyakar abin da ake buƙata.

Lafiyar mai wanki ma abin kula ce. Busasshen kashin tattabara da na jemage yana iya ɗauke da ƙwayoyin cuta masu kama huhu idan aka shaƙi ƙurarsa, kuma tun da murar tsuntsaye ta ɓulla a Najeriya a 2006 ake gargaɗi kan taɓa mushen tsuntsu da hannu. Don haka a yayyafa ruwa kafin a share gindin bishiya, a wanke hannu da sabulu kafin cin abinci, yaron da ke da rauni a hannu kuma a ba shi safar roba. Motar da za ta kwana a fili kuwa a lulluɓe ta da tamfol, amma sai bayan an wanke ta ta bushe, domin tamfol a kan ƙura, idan iskar hunturu ta kaɗa shi dare guda, zane-zanen da zai bari a fenti sun fi na tsuntsu yawa.