Ƙwace Waya Ba Tarbiyya Ba Ce

Wata magana ta yi ƙarfi a majalisunmu na Pantami, daga teburin mai shayi har ƙofar masallaci bayan isha'i: wai waya ce ta lalata mana gidaje, kuma maganin abin shi ne a ƙwace ta daga hannun mata da 'yan mata. Wani magidanci har tutiya yake yi cewa matarsa ba ta riƙe waya, 'yarsa kuwa sai ranar da ta tare a ɗakin miji. Ni dai a ganina wannan maganin ragwaye ne, kuma ɓarnar da yake jawowa ta fi wadda ake gudu.

Masu wannan ra'ayi suna da tasu gaskiyar. Yarinya 'yar shekara goma sha uku tana ƙarƙashin bargo da babbar waya har ƙarfe biyun dare, ba tilawa take yi ba. Akwai samarin da ke yaudarar yarinya ta tura hoto, sannan su dawo suna yi mata barazanar watsa shi. Akwai auren da saƙo guda ya kashe. Ga kuɗin data da ke gasa da kuɗin cefane, musamman tun watan Janairun 2025 da hukumar NCC ta amince wa kamfanoni ƙarin farashi har kashi 50 cikin ɗari. Duk wannan haka yake, ba mai musu.

To amma wayar da ake son ƙwacewar, mece ce ita a yau? A 2001, lokacin da MTN da Econet suka fara aiki a Najeriya, layi kaɗai dubban naira ne, waya kuwa kayan ƙawa ce ta masu hali. Yanzu ita ce bankin talaka, ita ce rumfarsa ta kasuwa. Ku tuna farkon 2023, bayan da Babban Banki ya sauya fasalin naira, takardar kuɗi ta yi ɓatan dabo. Matar da ke soya awara ko ɗinki a cikin gida, in tana da waya da asusu, ta ci gaba da karɓar taransifa. Wadda ba ta da su sai dai ta ba da bashi ko ta nemi lambar asusun maƙwabci, kuɗinta ya kwana a hannun wani.

Yarinyar da ke son shiga Jami'ar Jihar Gombe fa? Rajistar JAMB ba ta yiwuwa sai ta tura lambarta ta NIN daga layin waya, a turo mata lambar da za ta yi rajista da ita, kuma layin nan zai bi ta har ƙarshen neman gurbin. Ga matar da naƙuda ta kama cikin dare, maigida yana Kumo ko Legas wajen neman abinci. Da me za ta kira mai Keke Napep ya kai ta asibiti? A watan Satumban 2021 an katse sabis a jihar Zamfara saboda 'yan bindiga, har sai da mutane suka riƙa shiga mota zuwa wata jiha don su yi kira ɗaya. Abin da larurar tsaro ta sa aka yi wa jiha guda, shi wasunmu ke yi wa matansu a cikin gida su kira shi kishi.

Sannan mu faɗa wa juna gaskiya, ya ku iyaye maza. Ɓarnar waya mafi tsada a unguwar nan, a hannun wa take faruwa? A watan Agustan 2014, lokacin Ebola, saƙo ya zagaye ƙasar nan cewa a tashi da asuba a yi wanka da ruwan gishiri a sha. Manya ne suka riƙa buga wa dangi waya suna tashin su daga barci, mutane suka kwanta asibiti, wasu ma suka rasa rayukansu. MMM ta daskarar da kuɗin jama'a a Disambar 2016, ba mu ɗauki darasi ba, CBEX ta sake kwashe wasu a Afrilun 2025. Ba 'yar Islamiyya ce ta zuba jarin shago a ciki ba. Wanda ɗan damfara ke kira ya ce daga banki ne, shi kuma ya karanto masa lambar sirri da bakinsa, sau da yawa mai furfura ne. Saƙon murya da ke cewa an ga ɓarayin yara a unguwa kaza, ko an sa guba a abinci kaza, a zauren WhatsApp na dattawa yake fara yawo, alhali kowa a cikinsu ya san Suratul Hujurati ta yi umarni da a bincika labari kafin a yi aiki da shi.

Haka nan mai turo wa yarinyar nan saƙo ƙarfe biyun dare, ai ba aljani ba ne. Namiji ne, wani lokaci ma magidanci mai 'ya'ya sa'anninta. Kuma da babu masu sayen waya ba rasit saboda araha, da yaran da ke tare mutane da wuƙa suna ƙwace ba su da inda za su kai ta. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Babban abin takaici, ƙwacewar ma ba ta aiki. Yarinyar da aka hana waya a gida, saurayi ne zai saya mata a ɓoye, ta ajiye a gidan ƙawa ko cikin buhun masara. Daga ranar, wanda ya saya shi ke da iko da ita, uwa ba ta san da zamanta ba balle ta duba. In aka yi mata barazana da hoto, wa za ta gaya wa, tunda faɗin ma tona kanta ne? An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Duk inda aka ambaci Pantami a Najeriya, mutane kan tuna da Farfesa Isa Ali Ibrahim Pantami, ɗan unguwar nan da ya riƙe ma'aikatar sadarwa daga 2019 zuwa 2023. A zamaninsa, cikin Disambar 2020, aka ba da umarnin haɗa kowane layi da lambar NIN. Ma'anarsa ita ce layi yanzu suna gare shi. Matar da ke harka da layin miji ko na ƙane, cinikinta da saƙonninta na banki suna ƙarƙashin sunan wani. Ranar da aka yi saki ko rasuwa, sai ta wayi gari ba ta da komai a hannu.

Abin da nake kira gare shi ya fi ƙwacewa wuya, shi ya sa ake gudunsa. Yaron da bai kai babbar sakandare ba, namiji ko mace, ƙaramar waya ta kira ta ishe shi. Wanda ya girma aka ba shi babba, a ba shi da sharaɗin uwa ko uba za su duba a gabansa. Ƙarfe goma na dare wayoyin gida su kwana wuri ɗaya a wajen caji, a bar guda a kunne saboda larura, kuma dokar ta hau kan Baba kafin kowa. Makarantun Islamiyya na matan aure su ware rabin awa a mako a koyar da abu uku: banki ba ya tambayar lambar sirri ta waya, ba a tura hoton da ba a son duniya ta gani, ba a tura labarin da ba a san tushensa ba. Limamanmu su maimaita wa maza wannan darasi a masallaci, don mun fi matan buƙatarsa. Yarinya kuma ta sani in wani ya yi mata barazana, gida ne wurin farko da za ta kawo kuka, kuma shi za a kai gaban hukuma.

Duk magidancin da ke shirin karɓe wayar matarsa ko ta 'yarsa, ya fara buɗe tasa ya miƙa musu su duba. In ya iya wannan, to sai mu zauna mu saurari hujjarsa.