Ƙirƙirarriyar basira: Kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi

Duk wanda ya san tarihin Riruwai a ƙaramar hukumar Doguwa ya san yadda ake haƙo kuza tun zamanin Turawa: lebura na cikin rami, riba na can ƙetare. Kuzar nan da ita ake like sassan wayoyi da kwamfutoci, amma mai riƙe da waya bai taɓa ganin fuskar mai haƙa ba. Haka lamarin fasahar ƙirƙirarriyar basira yake a yau.

Ana nuna mana ChatGPT kamar na'ura ce ta wayi gari da iliminta. Ba haka ba ne. Mutane ne ke zama suna tantance rubutu da hotuna ɗaya bayan ɗaya, suna koya mata abin da ya dace da wanda bai dace ba.

A Janairun 2023, mujallar Time ta bankaɗo yadda kamfanin Sama ya ɗauki ma'aikata a Kenya domin yi wa OpenAI wannan aiki. Sun wuni suna karanta bayanan fyaɗe, kisa da cin zarafin yara, a kan ƙasa da dala 2 a awa. Wasunsu sun ce abin ya taɓa lafiyar ƙwaƙwalwarsu.

Mu ma ba mu tsira ba. A Maris 2024, dandalin Remotasks na kamfanin Scale AI ya rufe ƙofarsa ga ma'aikata a Najeriya, Kenya da Pakistan farat ɗaya. Babu sallama, babu ƙungiyar da za ta tsaya musu.

Yanzu kamfanoni na buƙatar muryoyi da rubutun Hausa domin na'urorinsu su iya harshenmu. Matashin Yako, Kiru, Bebeji ko Tudun Wada da ya gama makaranta ba aiki, shi ne zai fi saurin amsa tayin. Ba laifi ba ne, neman halak ne. Amma kafin ka miƙa muryarka, tambayi nawa za a biya, yaushe, kuma wa zai mallake ta gobe. Ka lissafa kuɗin data da cajin waya, ka ga ko akwai saura.

Hukumar NITDA da Ma'aikatar Ƙwadago su ma su farka: a tilasta rubutacciyar yarjejeniya, mafi ƙarancin lada, da wurin kai ƙara idan an danne haƙƙi. An kwashi kuzarmu da arha. Kada a kwashi harshenmu haka.