Sassaben Zamani: Darasin da Ke Jiranmu a Gonakin Maraɗi

Kowace damina, gwamnatocin jihohin Arewa kan shirya bikin dashen itatuwa. Manya su taru, a kafa tsiro, a ɗauki hoto, a watse. Kafin bazara ta zagayo, awaki da ƙishirwa sun gama da mafi yawan abin da aka dasa. A ganina, lokaci ya yi da za mu tambayi kanmu ko akwai wata hanyar da ta fi wannan. Amsar kuwa tana nan kusa, hayin iyakar Jibiya da Daura.

Bayan farin 1973 da na 1984, gonakin kudancin Nijar sun zama fili fetal, iska na kwashe ƙasar sama, tana binne shuka da rairayi. A 1983 ne wani masanin aikin gona ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, da ke aiki a yankin Maraɗi, ya lura cewa 'yan tsirran da manoma ke sarewa lokacin sharar gona toho ne daga kututturan itatuwan da saiwoyinsu ke raye a ƙarƙashin ƙasa. Dabarar mai sauƙi ce: manomi ya zaɓi reshe biyu ko uku mafi ƙarfi a kowane kututture, ya datse sauran, ya kare su har su girma. Ba reno, ba ban-ruwa, ba kwangila. Masu bincike sun ƙiyasta cewa ta wannan hanya an farfaɗo da kusan hekta miliyan 5 a jihohin Maraɗi da Damagaram, da itatuwa kimanin miliyan 200. A 2018 Rinaudo ya sami lambar yabo ta Right Livelihood, tare da marigayi Yakuba Sawadogo na Burkina Faso, manomin da ya inganta ramukan tara ruwa da taki da ake kira zai.

Amfanin a bayyane yake. Gawo kan zubar da ganyensa da damina, don haka inuwarsa ba ta danne gero, saiwarsa na ƙara wa ƙasa ƙarfi, 'ya'yansa kuma abincin dabbobi ne da rani. Kalgo da sabara na tare iska, suna ba mata itacen girki ba tare da doguwar tafiya ba.

To, me ya sa manoma suka rungumi abin? Babban dalili shi ne mallaka. Tun zamanin mulkin Faransa, doka ta ɗauki itace a matsayin kayan hukuma, manomi na iya shan tara kan bishiyar da ke tsakiyar gonarsa. Wa zai reni abin da zai ja masa fitina? Da hukuma ta sassauta, sannan dokar filayen karkara ta 1993 da dokar gandun daji ta 2004 suka ƙara wa manomi iko, sai itace ya koma dukiya. A ƙauyuka irin su Ɗan Saga, jama'a da kansu suka kafa kwamitocin tsaron itatuwa. Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

A matsayina na mai nazarin harshe, akwai abu na biyu da nake son mai karatu ya kula da shi. Sunan da aka raɗa wa dabarar shi ne sassaben zamani. Sassabe aiki ne da kowane manomi ya gada, sunan kuma na gaya masa cewa aikin kakanninsa ne aka yi wa gyara. A nan Nijeriya kuwa, shirye-shirye kan zo da sunayen Turanci masu taƙaitattun haruffa, wanda ko malamin gona sai ya yi da gaske kafin ya fassara. Abin da mutum bai iya furtawa ba, da wuya ya ɗauke shi nasa.

Ba kuɗi muka rasa ba. Tarayyar Afirka ta amince da shirin Babbar Katangar Itatuwa a 2007, Nijeriya ta kafa masa hukuma a 2015 domin jihohi 11 na bakin hamada. A 2021 Bankin Duniya ya amince da rancen dala miliyan 700 domin gyaran ƙasa a jihohin Arewa 19 da Abuja. Rance ne, 'ya'yanmu za su biya, don haka wajibi ne mu sa ido kan inda yake tafiya.

Shawarata uku ce. Majalisun jihohi su fayyace a doka cewa itacen da manomi ya rena a gonarsa nasa ne. A ware wani kaso na kuɗin domin kai manoman Maigatari da Daura da Illela gonakin 'yan'uwansu na ƙetare, tunda harshe ɗaya suke yi, kuma gani ya kori ji. Sannan a sanya makiyaya da mata da masu sana'ar gawayi cikin kwamitocin ƙauye, domin dokar da aka yi ba da su ba, su ne za su fara karya ta. Daga nan kuma, a riƙa auna nasarar kowane shiri da yawan itatuwan da suka rayu bayan shekara biyar.