Gerald Nye da takardar da aka miƙa masa a Pittsburgh

Duk lokacin da Amurka ta shiga sabon yaƙi, sai an samu masu tono sunan Sanata Gerald Nye suna naɗa masa rawanin gwarzon zaman lafiya. Ban yarda ba, kodayake ba zan tauye masa haƙƙinsa ba.

Editan jaridar karkara ne a jihar Dakota ta Arewa kafin a naɗa shi sanata a 1925. Daga 1934 zuwa 1936 ya shugabanci kwamitin da ya binciki ribar da masu ƙera makamai da manyan bankuna suka kwasa a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Zama 93 aka yi, shaidu sama da 200 suka bayyana, har da J.P. Morgan da Pierre du Pont. Kwamitin ya bankaɗo ƙazamar riba, amma bai tabbatar da cewa attajiran ne suka jefa ƙasar cikin yaƙin ba. Nye kuwa ya riƙe zarginsa tamkar hukuncin kotu, cutar da mu 'yan jarida muka sani sarai: labari ɗaya ya ɗaukaka mutum, sai ya koma auna duniya da shi.

Dokokin 'yan ba-ruwanmu da ya taimaka aka kafa daga 1935 sun hana sayar da makamai ga ɓangarorin yaƙi duka, ba su bambanta mai hari da wanda aka kai wa ba. Ko da Hitler ya mamaye Faransa, ra'ayin Nye bai motsa ba. A 1941 ya yaƙi dokar bai wa Birtaniya aron kayan yaƙi. A watan Agustan shekarar ya zargi masu kamfanonin fim na Hollywood da cusa wa jama'a son yaƙi, yana jero sunayensu, akasarinsu Yahudawa. Masu yabonsa ba sa son a tuna musu wannan jawabi.

Ranar 7 ga Disamba 1941 yana Pittsburgh, a gangamin ƙungiyar America First. Tun kafin ya hau mumbari an shaida masa cewa Japan ta kai hari Pearl Harbor, amma ya hau. Yana tsakiyar jawabi wani ɗan jarida ya miƙa masa takardar tabbaci. Ya duba, ya ci gaba da sukar Shugaba Roosevelt, sai can ya sanar da taron.

Washegari ya kaɗa ƙuri'ar amincewa da yaƙin. A zaɓen 1944 mutanen jiharsa suka kayar da shi.